Mutum Ashirin a Madadin Al'umma: Yadda Binciken Kasuwa Ke Yi Wa 'Yan Karibiyan Kuɗin Goro

A ƙidayar jama'ar da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021, mutum kimanin 623,000 ne suka bayyana kansu a matsayin baƙar fata 'yan asalin Karibiyan, wato kashi 1 cikin 100 na jama'a. Su kuwa kamfanonin binciken kasuwa na Birtaniya, mutum 1,000 zuwa 2,000 suka saba tambaya idan suna neman ra'ayin masu saye na ƙasa baki ɗaya. A yi lissafi. Ko da an yi adalci wajen zaɓen waɗanda za a tambaya, 'yan Karibiyan da za su faɗo cikin mutum 2,000 kamar ashirin ne. Duk wanda ya taɓa zama ajin ƙididdiga ya san abin da ke biyo baya: sakamakon da aka samo daga bakin mutum 1,000 yana iya kauce wa gaskiya da maki kamar uku sama ko ƙasa, wanda aka samo daga mutum ashirin kuwa yana iya kaucewa da maki fiye da ashirin. Idan rahoto ya ce rabin 'yan Karibiyan sun fi son wani sabulu, ainihin adadin yana iya zama kashi 28, yana kuma iya zama kashi 72. Duba ne kawai aka sa wa kwat da nektai.

Da irin wannan duba ake yanke shawarar abin da za a jera a kantar Tesco ko Sainsbury's, da gidan rediyon da za a ba talla, da unguwar da za a kai sabon reshe. Hujjar da nake son kafawa ita ce, akasarin binciken masu saye da ake yi a kan 'yan Karibiyan mazauna Birtaniya da Amurka da Kanada wani akwati yake aunawa, wanda aka zana domin sauƙin mai sayarwa, mutanen kuwa suna can gefe. Inda binciken ya kuskure, al'ummar ce ke biyan farashi. Inda ya dace da gaskiya, sau da yawa wasu ne ke kwashe ribar.

Masu binciken sun san matsalar mutum ashirin sarai, ba jahilai ba ne. Maganin da ya fi araha shi ne a haɗa ashirin ɗin da wasu har adadi ya yi kauri. Sai a zuba su cikin rukunin "baƙar fata", idan bai isa ba a faɗaɗa zuwa rukunin da aka daɗe ana kira BAME, wanda ya tattara duk wanda ba farar fata ba, daga ɗan Bangaladash har ɗan Sin. Wani kwamitin gwamnatin Birtaniya ya ba da shawarar a daina amfani da wannan laƙabi a 2021, gwamnati kuma ta bi, amma sauya suna bai sauya lissafin kuɗin da ya haifi laƙabin ba.

Rukunin "baƙar fata" ɗin ma ya sake kama a cikin shekara ashirin. A ƙidayar 2001, 'yan Karibiyan sun fi 'yan Afirka yawa a Ingila da Wales: kimanin 564,000 ne a kan 480,000. Zuwa 2021 'yan Afirka sun kai kusan miliyan 1.5, sun ninka 'yan Karibiyan fiye da sau biyu. Saboda haka duk matsakaicin sakamakon da aka fitar yau da sunan "baƙar fatar Birtaniya" ya fi kama da ɗan Najeriya ko ɗan Gana ko ɗan Somaliya. Tsohuwar nas 'yar Barbados da ta zo Landan a 1961, ta yi wa hukumar lafiya aiki har ta yi ritaya, an narkar da ita cikin injiniyan da ya sauka daga Legas shekara huɗu da suka wuce. Shekarunsu daban, abincinsu daban, inda suke aika kuɗi daban, kuma a lokuta da dama addininsu daban. Abin da ya haɗa su shi ne launin fata da yadda ɗan sanda ke kallonsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ke nuna abin da mutum zai saya ranar Asabar ba.

Akwai wata dabarar kuma, wadda ta fi ba ni haushi. Kamfanin da ke da jerin sunayen abokan ciniki miliyoyi yana iya sayen manhajar da ke cankar asalin mutum daga sunansa. Tana gane Patel, tana gane Adebayo, tana gane Kowalski. Ga ɗan Jamaika sai ta makance, domin sunayen da suka fi yawa a tsibirin su ne irin su Brown da Williams da Campbell, sunayen Turawan Ingila da Wales da Sikotilan da aka gada tun zamanin gonakin rake da bauta. Waɗanda aka raba da sunayen kakanninsu ƙarni biyu ko uku da suka wuce, yau kwamfuta na share su daga lissafi saboda sunan da aka laƙa musu. Idan suna ya gaza sai a koma ga unguwa, ta hanyar tsare-tsare irin su Acorn da Mosaic masu rarraba jama'a bisa lambar gidan waya. Nan ma taswirar ta tsufa. Brixton da Hackney da Notting Hill, inda 'yan Karibiyan suka fara kafa sansani, tsadar gidaje ta kori da yawa daga cikinsu zuwa Croydon da sauran gefunan birni.

Wane ne ɗan Karibiyan?

Tambayar ta fi yadda ake zato wuya. Bayan an soke bauta, Birtaniya ta yi jigilar ɗaruruwan dubban leburori daga Indiya zuwa gonakin rake na yankin, daga 1838 har 1917. Zuriyarsu su ne ƙabila mafi yawa a Gayana a yau, kuma suna cikin manyan ƙabilu biyu na Tirinidad. A unguwar Richmond Hill ta birnin New York, a kan titin Liberty Avenue, suna da shagunansu na roti da masallatansu da wuraren bautarsu na Hindu. Mutumin wannan unguwa mai suna Persaud ko Mohammed, manhajar sunaye za ta jefa shi Indiya ko Pakistan, takardar tambayoyi kuma za ta ba shi zaɓi tsakanin "baƙar fata" da "ɗan Asiya". Ko wanne ya ɗauka, ya ɓace daga kasuwar Karibiyan, alhali abincinsa da kiɗansa da lafazinsa duk na can ne. A takardar ƙidayar Ingila ma babu gurbin da aka ware masa. Sai dai ya rubuta da hannu.

A Amurka rabon ya fi ban mamaki. Haiti da Jamhuriyar Dominika tsibiri ɗaya suka raba. Amma da zarar 'ya'yansu sun sauka a New York, ɗan Dominika na Washington Heights sai ya shiga "kasuwar masu jin Sifaniyanci" tare da ɗan Meziko da ɗan Ajantina, ɗan Haiti na Flatbush kuma ya shiga "kasuwar baƙar fata" tare da jikan manoman auduga na Misisifi, duk da cewa a gida harshen Kiriyol yake yi. Masaniyar ɗan Adam Arlene Dávila ta nuna a littafinta Latinos, Inc. na 2001 yadda kamfanonin talla da gidajen talabijin na Sifaniyanci suka taka rawa wajen ƙera "kasuwar Hisfanik" a matsayin al'umma guda, saboda abu guda ya fi saukin tallatawa ga masu ba da talla. Sai a ƙidayar 2020 ne Amurka ta buɗe wa baƙar fata gurbin rubuta asalinsu, sakamakon kuma ya nuna 'yan Jamaika fiye da miliyan ɗaya da 'yan Haiti fiye da miliyan ɗaya. Cibiyar Pew ta ƙiyasta cewa a 2019 ɗaya cikin kowane baƙar fata goma a Amurka a waje aka haife shi, kuma Karibiyan ne yankin da ya fi kawo su.

A ƙara da sabon zubi. A ƙidayar 2021, mutum kimanin 513,000 a Ingila da Wales sun ce su ruwa biyu ne, farar fata da baƙar fatar Karibiyan, adadin da ya kusa cim ma na iyayensu. Binciken da ya tsaya ga gurbin "baƙar fatar Karibiyan" kaɗai ya zubar da kusan rabin jikokin da ke zuwa cin abincin Lahadi gidan kaka.

Ba abin mamaki ba ne, to, idan manyan kamfanoni suka riƙa tafka irin kuskuren da yaro ɗan shekara bakwai a Kingston ba zai yi ba. A 2019 IKEA ta fara sayar da abincin Jamaika na shinkafa da wake a wuraren cin abincinta na Birtaniya, ta zuba koren wake na Turawa maimakon jan wake da madarar kwakwa, saboda kalmar da 'yan Jamaika ke kiran wake da ita ce Turawa ke kiran nasu koren. Sai da ta ba da haƙuri. Shekara guda kafin nan, shahararren mai girki Jamie Oliver ya fitar da wata shinkafar leda mai ɗauke da sunan jerk, 'yar majalisa Dawn Butler, wadda iyayenta 'yan Jamaika ne, ta fito ta ƙalubalance shi. Jerk salon gasa nama ne da ake yi da attaruhu da wani ɗan itace mai ƙamshi da suke kira pimento, kuma shinkafar ba ta da ko ɗaya. Kwatankwacinsa a ce an kawo maka "shinkafar tsire" babu nama, babu ƙuli-ƙuli, babu wuta.

Abin da na'urar kanti ba ta gani

Wani zai ce ai zamanin takardar tambayoyi ya wuce, yanzu na'urar biyan kuɗi ce ke ba da labari. Tun da Tesco ta fito da katin Clubcard a 1995, manyan kantuna sun san abin da kowane mai kati ya saya, da ranar, da sa'ar. Gaskiya ne. Sai dai na'urar ta ginu a kan zato guda, cewa mai saye shi ne mai amfani, ko wani na cikin gidansa. Rayuwar 'yan Karibiyan mazauna ƙetare ta karya wannan zato tun daga tushe.

A duba al'adar duro. Uwa a Brooklyn ko Toronto ko Birmingham tana ajiye katon duro na roba ko na kwali a lungun ɗaki, ta yi watanni tana cika shi: buhun shinkafa, man girki, kifin gwangwani, sabulu, man goge baki, takalman makaranta, littattafan rubutu. Idan Kirsimeti ta gabato ko za a koma makaranta, sai kamfanin jigila ya ɗauka ya kai Kingston ko Georgetown ko Port-au-Prince. Al'adar ta yi ƙarfin da har wata malamar Jami'ar West Indies, Claudette Crawford-Brown, ta yi fice da binciken yaran da ake kira "'ya'yan duro", waɗanda suka san iyayensu ta kayan da ke isowa. Na'urar kanti ta ga mace ɗaya ta sayi man goge baki goma sha biyu da takalman yara masu lamba uku daban-daban. Me za ta fahimta? Wanda zai taka takalmin yana nisan mil dubbai, ɗanɗanonsa ne ya zaɓi kayan, kuma ba ya cikin kowane jerin waɗanda za a tambaya.

Haka kuɗi. Jamaika, ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 3, tana karɓar fiye da dala biliyan 3 a shekara daga 'ya'yanta na waje tun 2021, abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikinta. Haiti ma dogaronta a kan wannan kuɗi ya kai haka. Takardar da ta tambayi direban bas a Landan "mutum nawa ne a gidanka?" ta sami amsa biyu, alhali albashinsa baki shida yake ciyarwa a ƙasashe biyu.

Tambayar ajiya ita ma haka take faɗuwa. "Kana da asusun ajiya?" Dattijuwa ta ce a'a, a rubuta ta cikin marasa tanadi. Amma tana zubi duk mako a abin da 'yan Jamaika ke kira pardner, 'yan Tirinidad susu, 'yan Haiti sol, mu kuma adashi. Tsarin ɗaya ne, har da uwar adashi mai riƙe kuɗi. Da shi ne ƙarnin farko na 'yan Karibiyan a Birtaniya suka sayi gidaje a shekarun 1950 da 1960, lokacin da bankuna ke hana su rance, masu gidajen haya kuma ke rufe musu ƙofa. Mutanen da suka mallaki gidaje a Landan da kwasar adashi su ne rahoto zai kira masu ƙarancin wayewar kuɗi, domin wanda ya tsara tambayar bai san da kalmar ba.

Sannan na'ura ba ta iya ƙirga abin da ba ya kan kanta. Ackee, ɗan itacen da ake haɗawa da kifin gishiri a yi abincin ƙasa na Jamaika, daga Afirka ta Yamma aka kai shi, shi ne gwanja-kusa. Amurka ta hana shigo da na gwangwani a 1973 saboda gubar da ke cikin wanda bai nuna ba, ba ta sassauta ba sai a 2000. Shekara 27 alƙaluman ciniki na halal suna nuna babu kasuwa, alhali ƙishin abin yana nan a kowane gidan ɗan Jamaika. Abin da ake saye a ƙananan shagunan unguwa da rumfunan kasuwar Brixton ko Ridley Road, kamar doya da ayabar suya da busasshen zoɓo, wanda su a wurinsu abin shan Kirsimeti ne da ake dafawa da citta, shi ma yawancinsa ba ya shiga rumbun bayanan manyan kantuna. Sai kanti ya duba alƙalumansa ya ga ba a sayen kayan Karibiyan sosai, ya ƙi ƙara musu wuri, jama'a su ci gaba da zuwa shagon unguwa, alƙaluman baɗi su sake tabbatar da na bana.

Romon baka na "ƙarfin saye"

Akwai lambar da rahotannin nan ke so fiye da kowace, ita ce ƙarfin saye. Cibiyar Selig ta Jami'ar Jojiya ta ƙiyasta na baƙar fatar Amurka a kan dala tiriliyan 1.6 a 2020, kuma irin wannan adadi ake ta maimaitawa a taruka, a ce ya fi tattalin arzikin ƙasashe da yawa. Masu fafutuka na al'ummar su ma suna son lambar, domin tana sa a ji ana da nauyi. Na fahimci dalilinsu, amma lambar yaudara ce. Ƙarfin saye jimillar kuɗin shiga ne bayan cire haraji, har da wanda zai tafi ga haya da wuta da biyan bashi kafin wata ya raba. Kowace al'umma mai yawa, komai talaucinta, za ta ba da jimilla mai kauri. Farfesa Jared Ball na Jami'ar Morgan State ya rubuta littafi sukutum a 2020 yana warware wannan tatsuniya.

Lambar da ba a cika sa wa a bangon rahoto ba ita ce ta dukiya. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta gano cewa tsakanin 2016 da 2018, idan aka jera gidaje daga mafi talauci zuwa mafi arziki, gidan da ke tsakiyar jerin farar fatar Birtaniya yana da dukiyar kimanin fam 314,000, na tsakiyar jerin 'yan Karibiyan kuwa kimanin fam 86,000, bayan shekara saba'in da fara zama a ƙasar. Lambar farko tana gaya wa kamfani nawa zai iya tatsa. Ta biyu tana nuna nawa ke saura a hannun mutane. Mai biyan kuɗin bincike ta farko yake nema, shi ya sa ita ake ji. Illarta kuma ita ce ta mayar da laifi kan talaka: tunda kuna da tiriliyan, in ji masu wa'azin kasuwa, rashin iya kashe kuɗi ne ya hana ku ci gaba.

Kura da shan bugu

Tarihi ya nuna su wa suka fara gano waɗannan kasuwanni, kuma ba da takardar tambayoyi suka gano su ba. A tsakiyar shekarun 1960, Len Dyke da Dudley Dryden, 'yan Jamaika, suka buɗe shago a Tottenham suna sayar da faifan waƙoƙin gida; Tony Wade, ɗan Montserrat, ya shigo a 1968. Sun lura matan al'ummarsu ba su da inda za su sami man gashi da ya dace da su, domin manyan kantuna ba su ma san da buƙatar ba. Kamfanin Dyke & Dryden ya zama na farko na baƙar fata a Birtaniya da cinikinsa ya kai miliyoyin fam. Da kasuwa ta tabbata, manya suka farka. Soft Sheen ta Chicago ta sayi rinjayen hannun jarin kamfanin a 1987, ita kanta Soft Sheen kuma ta faɗa hannun L'Oréal ta Faransa a 1998. Yau an daɗe ana kokawa cewa yawancin shagunan kayan gashin baƙar fata a titunan Birtaniya ba a hannun baƙar fata suke ba.

Labarin Choice FM ya fi ciwo. An buɗe ta a Brixton a 1990, tashar kiɗan baƙar fata mai lasisi da ke watsa shiri dare da rana, inda ake jin rege da soka da waƙoƙin coci da muhawarar al'umma. Kamfanin Capital ya mallake ta gaba ɗaya a 2004. A watan Oktoba na 2013 aka sake mata suna zuwa Capital Xtra, aka sallami shirye-shiryen rege da soka da na coci, aka nufi matasa masu yawa na kowane launi. A ma'aunin masu talla wannan shawara ce mai ma'ana, tunda kunnuwa ake sayarwa, kuma kashi 1 cikin 100 ba ya cika ma'auni. Al'ummar da ta raini tashar ta yi zanga-zanga a banza.

Levi Roots ya yi shekaru yana sayar da abinci a bikin Notting Hill kafin ya bayyana a shirin talabijin na Dragons' Den a 2007, ya ba da kashi 40 na kasuwancinsa a kan fam 50,000, miyarsa ta Reggae Reggae Sauce ta shiga Sainsbury's. Shi ya ci riba, madalla. Amma a lura da tsarin: sanin kasuwar daga rumfa ya fito, jari da kanta kuma suna hannun wasu.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan kauce mata ba. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi. Macen da ta yi shekaru tana shiga kanti ba ta samun hoda mai launin fatarta ba ta damu da wa ya ci ribar ba ranar da ta samu. Rahoton kasuwa, ko da gurgu ne, shi ne makamin da ma'aikaciya baƙar fata a cikin kamfani ke ɗagawa ta ce wa shugabanninta ga mutane nan. Jaridu irin su The Voice, wadda Val McCalla ya kafa a 1982, suna buƙatar alƙaluma kafin su shawo kan masu talla. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a daina binciken ba. Cewa nake yi wanda ake yi na arha ne, ana kuma sayar da shi da farashin na ƙwarai.

Shaidar cewa ana iya yin na ƙwarai tana nan. Binciken Understanding Society na Jami'ar Essex, wanda aka fara a 2009, da gangan ya ƙara yawan waɗanda ake tambaya daga ƙananan ƙabilu, da niyyar samun aƙalla manya 1,000 daga kowane ɗaya cikin rukuni biyar, 'yan Karibiyan daban, 'yan Afirka daban. Yana da tsada, domin sai an ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa kafin a sami gidan da ake nema. A fagen kasuwanci kuma ga GraceKennedy, kamfanin da aka kafa a Kingston a 1922. Ya sayi WT Foods ta Birtaniya a 2007 da La Fe Foods ta Amurka a 2014, kuma shi ne wakilin Western Union a Jamaika tun 1990. Yana sayar wa uwa abinci a Landan, yana miƙa wa ɗanta kuɗin da ta aiko a Kingston, don haka yana ganin bakin bututun biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ce kamfani ne na sadaka ba, riba yake nema kamar kowa, amma bai taɓa buƙatar a fassara masa duro ba.

Saura magana ɗaya, wadda rahotanni ke ɓoyewa a ƙarƙashin laƙabin "masu wuyar samu". Haka ake kiran 'yan Karibiyan idan sun ƙi amsa waya ko sun rufe ƙofa, kamar wata ɗabi'a ce da aka haife su da ita. A tuna abin da ya faru. Jirgin Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa a Tilbury a watan Yuni na 1948, fiye da 800 daga cikinsu daga Karibiyan, suka shigo a matsayin talakawan Sarkin Ingila masu cikakken haƙƙin zama. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan saukar dubban irin waɗannan mutane. Daga 2012 aka shimfiɗa manufar ƙuntata wa baƙin haure, dokar 2014 ta sa masu gidajen haya binciken takardun 'yan haya, ta 2016 kuma ta sa bankuna tantance masu asusu daga farkon 2018. Dattawan da suka zo tun suna yara, suka yi shekara hamsin suna biyan haraji, aka ce su kawo shaidar kowace shekara. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu magani, aka tsare wasu, aka kori wasu zuwa tsibiran da rabonsu da su tun ƙuruciya. Bayan rahotannin Amelia Gentleman a jaridar Guardian, sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta sauka a Afrilu na 2018.

Mutumin da ya ga an yi wa yayarsa haka, sai ga baƙo da kwamfutar hannu yana tambayarsa inda aka haife shi, da shekarar da ya shigo, da nawa yake samu, da wa yake aika wa kuɗi, a kan tukuicin katin sayayya na fam goma. Ƙin amsawarsa hankali ne. Waɗanda suka yarda suka amsa kuwa ba su zama madubin waɗanda suka ƙi ba: sun fi ƙuruciya, sun fi sabo da intanet, sun fi kwanciyar hankali da takardunsu. Ashirin ɗin nan da muka fara da su ma, ashe ba daga tsakiyar al'umma aka ɗebo su ba.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin raya ƙasa, inda rahotanni masu zanen launi-launi ke sauka a tebur, wasu kuma suna zaune a Birtaniya inda ake ƙirga su cikin akwati ɗaya da 'yan Karibiyan. Idan irin wannan rahoto ya zo, a wuce shafin farko a nemi ƙananan rubutun ƙarshe. Mutum nawa ne 'yan Karibiyan a cikin waɗanda aka tambaya, da adadi, ba da kaso ba? An raba ɗan Jamaika da ɗan Haiti da ɗan Gayana? An raba wanda aka haifa a can da jikansa? Da wane harshe aka yi tambayar, kuma wa ya yi ta? Ƙa'idar sana'ar ta tanadi a bayyana yawan waɗanda aka tambaya da yadda aka samo su, saboda haka neman wannan ba rashin kunya ba ne. Idan an duba ƙasan jadawalin aka ga ɗan tauraro da gargaɗin cewa adadin ya yi ƙanƙanta, a yi hattara, to wanda ya rubuta rahoton ya riga ya wanke kansa, ya bar wa mai karatu ɗaukar alhakin shawarar da za a gina a kai.